Kala a Birnin New York

A cikin kwanaki arba'in da Allah Ya ƙaddara mini zama a birnin New York na ƙasar Amurka, daga tsakiyar watan Satumba har zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da ganyen itatuwansu ke rikiɗewa ya yi ja kamar an ƙunsa masa lalle, na sauka ne a unguwar Bronx, a gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen zangon Kumasi, wanda ya shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙin tasi a birnin, kuma zumuncin aure ya haɗa gidansu da namu tun zamanin iyaye. Wani dare bayan mun idar da sallar lisha muna shan shayi, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ran Talata ba na fita aiki, in ba ka da wani uzuri sai ka raka ni kala."

Na ajiye kofi na dube shi don in tabbatar ba zolayata yake yi ba, domin kuwa kala, a iyakar sanina, aba ce ta karkara da bayan girbi, sa'ad da aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, tsofaffin gwauraye da yara suka shiga gona da ƙorai suna tsintar zangarniyar da ta kuɓuce wa masu yanka, ko suna tonon gyaɗar da fartanya ta tsallake, mai gona kuwa, ko da ya fi kowa rowa a garin, ba ya iya buɗe baki ya kore su saboda kunyar abin da za a faɗa a bakin masallaci. To, ina gona a wannan birni, inda ko ƙasar da kaza za ta yi tono babu, sai dutse da ƙarfe da gilashi? Ya yi dariya ya ce, "Ai Malam, a nan kasuwa ita ce gonar." Ya bayyana mini cewa akwai kasuwannin da manoma ke kawo amfaninsu da kansu daga bayan gari, idan kuma kasuwa ta zo watsewa, sai 'yan sa-kai su bi rumfa-rumfa suna karɓar abin da ya yi kwantai, su kai shi inda ake raba wa mabuƙata abinci kyauta. Turawan ma da kalmar kala suke kiran aikin a harshensu, al'adar kuwa sun gaje ta daga Attaura, inda aka hori Bani Isra'ila da su bar gefen gona da abin da ya zube domin matalauci da baƙo.

Kafin Talatar ta zo, sai ya ga ya kyautu in fara ganin uwar kasuwannin. Ranar Asabar da hantsi muka hau jirgin ƙasa mai lamba 4, wanda a unguwarmu bisa gadar ƙarfe yake tafiya, daidai da tagogin benaye, har mutum yana hangen labulen ɗakunan mutane, ya ratsa ta gefen filin wasan Yankee, sa'an nan ya nutse cikin ƙasa, ba mu sake ganin rana ba sai da muka hau matakala a Titi na 14 muka ɓullo a dandalin Union Square. Ga mutum-mutumin George Washington bisa doki, ga na Gandhi na Indiya riƙe da sandarsa, ga kuma fararen rumfuna jere ta arewa da yammacin dandalin, cike da tumatir da tattasai da karas da kabeji da ɗanyar masara da tuffa iri-iri, da kabewa wadda wata ta fi tulu girma, har da zuma da cuku da burodi da kifi. Kasuwar tana ci kwana huɗu a mako, Litinin da Laraba da Jumma'a da Asabar, ko ana zuba ƙanƙara, daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma, a lokacin da amfani ya fi yawa kuwa masu rumfa sukan kai 140.

Asalinta a shekarar 1976 ne, lokacin da wasu mutum biyu, Barry Benepe da Bob Lewis, suka lura cewa ƙananan gonakin da ke kewaye da birnin suna mutuwa saboda rashin masaya, alhali mutanen birnin kuma suna cin kayan lambun da ya kwana bakwai a hanya daga jihohi masu nisa, sai suka tara manoma 'yan ƙalilan a wani fili a Titi na 59, a cikin shekarar kuma aka buɗe ta Union Square, wadda a wancan zamani matattarar masu sayar da ƙwaya ce, mutumin kirki ba ya ratsa ta da dare. Yau irin waɗannan kasuwanni sun kai wajen hamsin a faɗin birnin, a ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna GrowNYC. Sharaɗinsu da ya fi ba ni mamaki shi ne babu dillali, babu ɗan sari. Ba mai kafa rumfa sai wanda ya noma abin da yake sayarwa, ko ya kiwata shi, ko ya kamo shi a ruwa, ko ya toya shi, masu kula da kasuwa kuma har gona suke zuwa don su tabbatar. Na ɗauki wani tumatir ja kamar garwashi, yarinyar da ke rumfar ta nuna mini allon farashi, ni kuwa bisa al'ada na buɗe baki zan taya, sai mai masaukina ya taka mini ƙafa. Ashe ba a tayi, balle a ce albarka. Da na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, sai na mayar da shi a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Wannan tsada tana cikin tushen al'amarin, domin kayan da ya fi kowane kyau a birnin ba talaka ne ke cinsa ba. Hakika an yi ƙoƙarin rage tazarar, gama wanda ke da katin tallafin abinci na gwamnati, wanda suke kira SNAP, yana iya zuwa teburin masu kasuwa a cire masa kuɗi a ba shi wasu kwabbai na katako ya yi sayayya da su, hukumar lafiya ta birnin kuma tana ƙara masa takardun dala bibbiyu waɗanda ba a sayen komai da su sai 'ya'yan itace da kayan lambu. Amma ba kowane mabuƙaci ke da katin ba, wanda ke da shi ma sau da yawa kafin wata ya ƙare katin ya riga shi ƙarewa. Muka yi ta zagaye har rana ta yi sanyi, masu rumfa suka fara naɗe tamfol, sai ga wata babbar mota mai firji, koriya da fari, ta ƙungiyar City Harvest, ta tsaya a gefen titi. Ita wannan ƙungiya an kafa ta a 1982, kuma labarin da suke bayarwa na asalinta abin dariya ne da ban tunani: wata mata, Helen verDuin Palit, mai aiki a gidan dafa abincin sadaka, ta ci soyayyen ɓawon dankali a wani gidan abinci, sai ta tambayi mai dafuwa ina yake kai cikin dankalin, ya ce zubarwa yake yi. Daga wannan tambaya aka samu motocin da a yau ke yawo a birnin dare da rana suna kwasar abincin da bai lalace ba kafin ya isa bola.

Ran Talata da azahar muka taka da ƙafa zuwa kasuwar unguwarmu, 'yar ƙarama, rumfa takwas ko tara a gefen wani lambun shaƙatawa. Mu bakwai ne 'yan kalar: ni da mai masaukina, da 'yan mata biyu ɗaliban jami'a, da wani magidanci mutumin Dominika, da wani saurayi mai tuƙa motar a-kori-kura, sai uwar gayyar, wata tsohuwar malamar makaranta mai furfura wadda ta yi ritaya, gajera, mai saurin tafiya, riƙe da littafi da alƙalami da wani sikeli na rataye mai ƙugiya. Ta raba mana safar hannu da kwalaye, ta dube ni a matsayina na baƙo ta karanta mini ladubban aikin, mai masaukina yana ƙara mini bayani da Hausa: kada in taɓa komai sai abin da manomi ya nuna da hannunsa, kada in tsaya a gaban rumfa matuƙar akwai mai saye ko da guda ne, kada in roƙa, abin da kuma ba zan iya ba ɗana ya ci ba kada in sa shi a kwali. Kwalayen tun kasuwa na tsakiyar ci ake ajiye wa kowane manomi nasa a bayan rumfa, don ya zuba abin da ya ga dama ba tare da an tsaya masa a kai ba, na kuwa ga hikima a wannan, domin kyautar da aka yi saboda idon mai jira rabinta ƙwace ce.

Da na zauna a kan wani benci ina kallon yadda rumfuna ke raguwa, sai na fahimci dalilin da ya sa manomi ke bayarwa, ban da alherin zuciya wanda Allah kaɗai Ya san gwargwadonsa. Mutumin nan tun jiya da yamma ya yanki ganyensa ya loda, ya baro gona da tsakar dare, ya yi tafiyar sa'a biyu ko uku, ya wuni a tsaye. Albasa da dankali da tuffa da kabewa mai tauri ba su da gaggawa, in ba a saye su yau ba sai ya mayar da su mota ya kai wata kasuwa jibi. Amma latas da alayyafo da kuɓewa da nunannen tumatir da ɗanyar masara, watau abin da mu muke kira kayan gwari, ajalinsu gajere ne, in ya koma da su gida ya yi dakon banza, ƙarshensu ramin taki. Saboda haka abin da ke shiga kwalayenmu shi ne mafi taushi da saurin mutuwa, wanda kuma shi ne ya fi ƙaranci a tukunyar talakan birni.

Rumfar farko da aka tura ni ta wani manomi ce ɗan asalin Meziko, kakkaura, mai baƙar ƙasa a ƙarƙashin farce wadda sabulu ya gaji da ita. Gonarsa tana yankin da suke kira Baƙar Ƙasa, wajen Pine Island a gundumar Orange, arewa maso yamma da birnin, wanda a da fadama ce mai ruwa kwance, sai baƙi daga Jamus da Folan suka haƙa magudanai suka tsane ta, ta zama gonakin albasa da suka yi suna a duk ƙasar. Ya cika mini kwali biyu da latas da kokwamba, sa'an nan ya jawo wani dami daga ƙarƙashin tebur ya ɗora a kai, na duba sai na ga alayyafo ne irin namu sak, har da jan jijiyarsa. Na faɗa masa sunansa da Hausa, ya faɗa mini nasa da harshensu, muka yi dariya kamar waɗanda suka gano suna da kaka ɗaya. Rumfar da ke kusa da tasa kuwa, kwalinmu wayam muka same shi. Mai ita, wani dogon Bature mai jan wuya, ya ce ruwa ya ɓata masa rabin gona a bana, abin da ya rage zai kai wata kasuwa gobe ko da a rabin kuɗi ne. Na lura da uwar gayyarmu, godiyar da ta yi masa ba ta gaza wadda ta yi wa mai kwali biyu ba, ta tambaye shi lafiyar matarsa, ta ɗauki kwalinta ta wuce.

A nan ne kuma na yi abin kunya. Wata mata mai rumfar tumatir ta ba mu rabin kwali na nunannu luguf, irin waɗanda in ka matsa da yatsa sai su fashe, ni kuwa don in rage sawu, sai na ɗauko kabewa biyu manya daga rumfar gaba na ɗora a kai, na rungumo kwalin ina tafe ina jin kaina gwanin aiki, ban farga ba sai da na ji sanyi a cikina, na duba na ga jan ruwa ya ratsa kwali ya ɓata mini gaban riga har zuwa aljihu. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta fitar da kabewar, ta tsince waɗanda suka tsira ɗaya-ɗaya tana gogewa da tsumma, ta ware fasassun a wani bokiti na masu taki, ta ce mini mai nauyi a ƙasa, mai taushi a sama, ganye kuma a inuwa. Mai masaukina, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya ce, "Malam, ashe karatun allo daban, na dako daban." Ni da aka haifa a gidan noma, aka koya mini jera kwando a Bronx.

Da aka tara kaya a gindin wata bishiya sai aka shiga awo. Kowane kwali a rataya shi a ƙugiyar sikeli, ɗaya daga cikin 'yan matan ta faɗi nauyi, tsohuwar ta rubuta sunan gona da irin kayan da nauyinsa, ta yage rasit ta kai wa manomi tun bai tayar da mota ba. Abin bai kwanta mini ba, na ce wa mai masaukina a hankali, "Alhaji, sadaka da rasit? Ina abin da aka karantar da mu na ɓoye ta don gudun riya?" Ya ce, "Malam, littafin nan ba don mai bayarwa aka fi yinsa ba, don mu ne 'yan tsakiya. Kaya ya bar hannun mai shi, bai isa hannun mai ci ba, a tsakanin nan Shaiɗan yake zama." Na yi shiru, domin na tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma na san kwamitoci nawa na taimako a gida suka watse saboda buhu biyu da ba wanda ya iya faɗin inda suka shiga.

Rasit ɗin yana da wani amfanin kuma. A 2018 jihar New York ta fara rage wa manomi haraji da rubu'in kimar abincin da ya bayar ga masu rabon sadaka, har zuwa dala 5,000 a shekara, ba kuwa zai samu ba sai da shaida a rubuce. Akwai kuma wata doka ta ƙasa baki ɗaya wadda in ba don ita ba da yawancin masu kaya ba su yarda sun ba da ko ganye ɗaya ba, domin Amurka ƙasa ce ta yawan ƙara, mutum yana iya cin kyautarka cikinsa ya murɗa ya kai ka gaban alƙali. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da aka raɗa wa sunan Bill Emerson, ɗan majalisa daga jihar Missouri wanda ya yi ta fafutukarta ya rasu kafin a zartar da ita, ta ɗauke alhakin diyya daga wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya, sai fa in an tabbatar da mugun sakaci ko ganganci. Na yi mamakin al'ummar da sai an yi wa mai kyauta katanga daga wanda ya yi wa kyautar, amma na yaba wa wanda ya gane inda ƙayar take ya cire ta.

Shi kansa abin da suke kira bankin abinci bai tsufa ƙwarai ba. A 1967 aka kafa na farko, a birnin Phoenix na jihar Arizona, a hannun wani mutum John van Hengel, wanda ya fara da tsinko lemon da ke zuba a gidajen mutane yana kai wa gidan dafa abincin sadaka, har ya gamu da wata mata mai 'ya'ya goma da ke ciyar da su daga kwandon sharar kantuna, ita ce ta ce masa da ma a ce akwai wurin da za a riƙa ajiye irin wannan abinci a kuma cire shi kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. Cocin St. Mary's ta ba shi wani tsohon gidan burodi ya mayar da shi sito. Daga nan abin ya yaɗu, har aka yi gamayyar da tun 2008 ake kira Feeding America, mai bankuna wajen 200 da wuraren rabo wajen 60,000. Bankin shi ne babban rumbu, ba kasafai yake hulɗa da mai ci kai tsaye ba, daga gare shi ƙananan ɗakunan rabo na coci-coci da masallatai da makarantu suke ɗiba. Shekaru da yawa abin da ke cikin rumbunan nan abincin gwangwani ne da taliya da shinkafa, saboda su ne ba sa lalacewa, sai aka wayi gari unguwannin da suka fi dogara da su su ne suka fi fama da ciwon sukari da hawan jini. Wannan ne ya sa aka juya ga ɗanyen kaya, aka shiga neman firji da mota da masu dako.

A daren nan, bayan mun sauke kaya a ɗakin sanyi na wurin rabo mun koma gida na wanke rigata, wata mas'ala ta fiƙihu ta hana ni barci da wuri. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya sani, zakkar amfanin gona tana kan hatsi da dabino da makamantansu, idan sun kai nisabi na wusuƙi biyar, watau sa'i 300, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga na ban-ruwa da wahala, amma kayan lambu da ɗanyun 'ya'yan itace babu zakka a cikinsu, illar kuwa ita ce ba su ne abincin da rai ke dogara da shi ba, kuma ba sa ajiyuwa. Imamu Abu Hanifa ya saɓa, ya wajabta ushiri a duk abin da aka noma, kaɗan ko mai yawa. Ban isa in shiga tsakanin manyan nan ba, sai dai na ga cewa illar da malamanmu suka ambata, watau rashin ajiyuwa, ita ce ainihin abin da tsohuwar nan take yaƙi da shi da kwalayenta da agogonta. Abin da shari'a ba ta ɗora wa mai lambu a matsayin farilla ba ta bar masa shi a babin sadakar taɗawwu'i, labarin masu gonar nan na Suratul Ƙalam kuwa, waɗanda suka yi sammakon girbi don kada miskini ya riske su, suka tarar gonar ta ƙone, bai bambanta hatsi da kayan marmari ba.

Washegari Laraba da safe aka yi rabo, a ɗakin ƙasa na wata coci. Tun kafin ƙarfe takwas layi ya zagaye kwanar titi, kowa da 'yar kurarsa ta waya mai taya biyu, akwai masu jin Sifaniyanci, da 'yan Bangaladash, da baƙaƙen Amurka, da mutanenmu na Afirka ta Yamma. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yawancinsu ba mabarata ba ne, ma'aikata ne, wata da rigar masu jinyar tsofaffi a gida ta fito daga aikin dare, wani da hular kwano ta masu kai saƙon abinci a keke, kuɗin haya ne ke cinye albashinsu tun bai shiga aljihu ba. An jera kayan a tebura kamar kanti, mutum ya bi ya zaɓi abin da gidansa ke ci gwargwadon yawan iyalinsa, maimakon a ƙulla masa leda a miƙa masa abin da bai san yadda ake dafawa ba. Ni aka tsayar a teburin kuɓewa da alayyafo. Can sai ga wata dattijuwa da mayafi, ta dubi hulata ta dubi fuskata, ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Hajiya." Sai ta sunkuyar da kai, na ga kunya ta kama ta, ni ma ta kama ni, kamar na leƙa ɗakin da ba a yi mini izini ba. Don in kawar da abin na ce mata kuɓewar jiya aka tsinko ta. Ta ce, "Bari in gani, ɗan nan," ta shiga ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana karya bakin kowace da babban yatsa, wadda ta ƙarye ƙas ta jefa a jaka, wadda ta lanƙwashe ta mayar, daidai yadda mahaifiyata take yi a kasuwar Rimi. Da ta ga alayyafon sai ta yi salati, ta ce rabonta da shi tun bara.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na fito daga ɗakin nan zuciyata biyu. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na abincin ƙasar a banza yake tafiya, ita ce kuma ta bayar da rahoton cewa a 2023 kashi 13.5 cikin ɗari na gidaje, mutum wajen miliyan 47, sun yi fama da rashin tabbacin abin da za su ci. A cikin Bronx ɗin nan kasuwar sari ta Hunts Point take, ɗaya daga cikin mafiya girman kasuwannin kayan lambu a duniya, unguwannin da ke kewaye da ita kuwa ana lissafa su cikin mafiya talauci a ƙasar. Abin da van Hengel ya fara a matsayin agajin gaggawa ya haura shekara hamsin, layi bai gajarta ba. A ganina kwalin latas ba zai gyara albashin da bai kai kuɗin haya ba, wanda duk ya ce kala ta wadatar ya yi wa masu mulki rufa-rufa. Amma kuma na ga dattijuwar nan ta tafi da abin miyar kwana uku wanda da yanzu yana ramin taki, ban kuwa iya raina wannan ba.

A jirgin dawowa gida hankalina ya yi ta komawa Kwanar Gafan, a hanyar Kano zuwa Zariya, inda a kakar tumatirin rani kwanduna ke yin yawa har farashi ya faɗi ƙasa da kuɗin kwandon kansa, manoma su yanka abin da suka iya su shanya kauɗa a bakin titi, sauran ya ruɓe ƙudaje su yi biki, da kuma kasuwar 'Yankaba da almuru, inda yara ke tsintar abin da aka zubar cikin taɓo. Mutanenmu ba su gaza manomin Meziko ɗin nan kyauta ba, na sha ganin ɗan gwari ya cika wa tsohuwa ƙwarya bai karɓi ko sisi ba. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wanda zai zo a rana sananniya da sa'a sananniya, da amalanke da littafi, ya karɓa da mutunci ya kai gidan marayu ko tsangaya ko gidan gajiyayyu kafin gari ya waye. Sikelin tsohuwar nan mai ƙugiya, irinsa na gani rataye a shaguna a kasuwar Sabon Gari mako guda bayan dawowata. Samarin unguwa ko kwamitin masallacin da ke da niyya, su fara zuwa wurin sarkin kasuwa su nemi izini, su sa rana ɗaya a mako kada su saɓa ta, kuma su tabbata sun san tukunyar da kayan za su shiga tun kafin su karɓi kwandon farko.